Kwalbar Baffa Sajo

Baffa Sajo mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Kowa a ƙauyensu na bayan Gagarawa ya san haka, shi ya sa ma suka cinye shi tas. Shanu goma sha biyu ubansa ya bar masa. Wannan ya ari sa ya yi huɗa, wancan ya ari saniya ya sha nono, har garken ya watse. In baƙi suka faɗo ana dama fura, ba ya tambayar ko za ta isa, sai ya leƙa ya ce wa matarsa Bilkis, "Ƙara ruwa." Shekara talatin baiwar Allah tana ƙara ruwa.

Gona ɗaya ta rage masa, ta gado, shi da yayansa Dogo da ke zaune a Gumel. Gonar kuwa ta gaji, yashi zalla, gero ya fito kamar mai jinya. Takin buhu ya fi ƙarfinsa, shanun da za su yi mata kashi babu. Dogo ya samu wani ɗan kasuwar Maigatari mai son wurin zai gina sito, don a bakin titi yake.

"Damina ɗaya na ba ka, Sajo," in ji Dogo. "In rumbu bai cika ba, sayarwa za mu yi."

Sajo bai iya komai ba sai noma. In gonar nan ta tafi, shi ma ya tafi.

Ana haka sai ga Tayyiba, 'yar Dogon, wadda ke jami'a a Kano, ta sauka daga motar haya da kwalba a jaka. Taki ne, ta ce, ita ta haɗa a ɗakin gwaji. Ganyen zogale ta dafa, ta tace, ta zuba wani farin gari, ta yi ta juyawa har ruwan ya sake launi. Ƙwayoyin da ke ciki ido ba ya ganinsu, nano ake ce musu, ta ƙofofin ganye suke shiga.

Sajo ya ɗaga kwalbar ya jinjina. "Wannan ce za ta ciyar da gona? Ko akuya ba za ta shayar ba."

"Baffa, murfi biyu a kowane tankin feshi. Sau ɗaya in gero ya yi sati uku, sau ɗaya in ya fara ciki. Daidai gonarka na auna, ko ɗigo ba rara. Kar ka ba kowa."

"Wa zan ba?"

"Baffa, kai ne fa."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Feshin farko ya yi shi yadda ta ce. Ko takin ne, ko ruwan da aka samu a satin ne, Allah ya sani, amma geron ya yi kore shar. Nan fa idon gari ya dawo kansa. Abdurra'uf, maƙwabcin gonarsa, mai famfon feshin da Sajo ya ara, shi ya fara zuwa.

"Malam Sajo, da famfona ka yi arziki, murfi ɗaya ma ba za ka ɗanɗana min ba?"

Ya ba shi. Ya duba kwalbar ya ga ta sauka, sai ya je randa ya cike ta. A ganinsa ba laifi ya yi ba, fura ma haka ake mata kowa ya sha. Washegari surukin liman ya zo, jibi mutum uku. Duk wanda ya ɗiba, Sajo ya cike gurbin. Bilkis ta ce, "Malam, wannan fa ba fura ba ce." Ya ce ta yi shiru, mutane na ji.

Ranar feshi na biyu kwalbar tana cike dam, fara ƙal. Tayyiba ta zo da littafinta, ta ɗaga ta a rana, ta shinshina.

"Baffa, wannan ai ruwan rijiya ne."

"A ciki yake, 'yar nan. Ke kika ce ido ba ya ganinsa."

Ta zauna a kan kunyar gona ta rufe fuska. Wata huɗu ta yi kafin ta haɗa kwalbar nan, wata kwalbar ba za ta samu ba kafin gero ya wuce lokacinsa.

Dami tara ya ɗaure a kaka, rumbun ko ƙugu bai kai ba. Su Abdurra'uf kuwa, marasa kunya, suka bi gari suna cewa maganin 'yar boko ƙarya ne.

Dogo ya zo da ɗan kasuwar da masu awo biyu, suka kafa turaku a gonar. Da suka gama, Sajo da kansa ya ce su shigo su huta, rana ta yi. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya leƙa ciki.

"Bilkis, baƙi huɗu ne. Ƙara ruwa."

Ta juyo masa ƙwaryar furar ya gani, ba komai a ciki. "A kan me zan ƙara, Malam?"

Sai ya ɗauki moɗa ya nufi randa.