Kwanon Tuwon Da Ban Miƙa Ba

Katangar da ta raba gidanmu da na maƙwabciyata a Yalwawa gajera ce. Idan na hau turmi zan yi shanya, ina hango tsakar gidanta har bakin murhu. Yaya nake ce mata. Ta girme ni da kusan shekara goma, kuma ita ta yi mini wankan jego da na haifi 'yata, lokacin innata tana kwance a Kiyawa ba lafiya.

Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Da maigidana ya saya mini waya, sai na buɗe shafi a intanet ina rubuta 'yan abubuwan da idona ya gani: yadda mai kayan miya ke ɓoye ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwano, yadda gabana ke faɗuwa duk sanda jikin yarinya ya yi ɗumi. Masu karantawa ba su taka kara sun karya ba, rabinsu ma dangi ne. Kowane rubutu sai na duba shi sau biyar, don tsoron kada wata mai digiri ta yi mini dariya.

Wata damina, kafin sabon gero ya shigo, mijin Yaya ya faɗi da babur ya karye, ya daɗe a kwance. Ran nan da yamma na hau turmi da zanen goyo a hannu, sai na ga ta hura wuta ta ɗora tukunya. Ruwa ne zalla. Ta jefa ɓawon albasa da ɗan gutsuren daddawa, ta zauna tana fifita, ƙamshi yana tsallako katanga. Yaranta suna gidan kakarsu tun safe. Don mu maƙwabta take girkin, kada a ce yau ba a ɗora tukunya a gidan ba.

Na sauko a hankali. Akwai tuwo a tukunyata, har na ɗauko kwano. Sai na tsaya: in na miƙa, za ta san na gani. Na ajiye kwanon na ɗauki waya. Na rubuta komai, ban sa suna ba. Da na zo ƙarshe na ga labarin ya tsaya ba daɗi, sai na ƙara cewa na zuba tuwo da miyar kuka na miƙa mata ta kan katanga, muka yi kuka tare.

Kafin kwana biyu wayata ta ƙi hutawa. Mata daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba suna ta sa mini albarka, suna cewa Allah Ya ba su maƙwabciya irina. Ina karantawa kunnuwana suna zafi, amma ban goge ba. Daga nan mabiya suka yi ta ƙaruwa. Bayan shekara guda wata mai buga littattafai a Kano ta nemi in tattara rubuce-rubucena su zama littafi. Wancan labarin ta sa a farko, har aka zana tukunya a kan murhu a bangon. Duk watannin da na yi ina gyara, Yaya ce ke goya mini yarinya.

Abin da na dogara da shi ɗaya ne: Yaya ba ta karatun boko, allo ta yi.

Ranar da littattafan suka iso, ita ta fi kowa murna. Ta shimfiɗa tabarma a gidanta bayan la'asar, ta tara matan layinmu.

"To malama marubuciya," in ji ta, "yau sai ki karanta mana da bakinki. Mu da muka yi goyo ai muna da rabo a ciki."

Na buɗe. Na sa babban yatsa na danne shafi huɗu na farko, na fara daga labarin mai kayan miya. Mata suka yi ta dariya. Wata ta ce, "Wallahi na gane shi, mai hular nan ne!" Na ci gaba da karatu. Yaya tana jijjiga 'yata a cinya, idonta a kan yatsana.

Da aka watse ta ce in tsaya in karɓi yarinya.

"Ƙanwata, me ya sa kika tsallake na tukunyar?"

Sai ta ci gaba da cewa:

"Tun bara matar ƙanina ta karanta mini shi a wayarta, a gidan suna a Garki. Tana hawaye tana cewa, Yaya ji wata baiwar Allah. Ina jin ɓawon albasa na san murhuna ne."

"Yaya, ki yafe mini."

"Ban gaya wa kowa ba. Ke ma kin rufa mini asiri, ba ki sa suna ba." Ta gyara wa yarinyar hula, ta ɗan murmusa. "Sai dai kwanon nan da kika miƙo, har yau ina duba katanga, bai iso ba. Ko miyar ce ba ta nuna ba?"

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce zan kira Kano, in za a sake bugawa a cire labarin gaba ɗaya.

"A'a, bar tukunyata," ta ce. "Na ɗora ta, gaskiya ce. Kwanonki za ki cire."

A bugu na biyu labarin ya tsaya a daidai inda na ajiye kwano na ɗauki waya. Wasu masu karatu sun rubuto cewa ƙarshen farko ya fi daɗi, wasu sun bar shafina. Yaya har yanzu tana goya mini yarinya. Ni dai na ƙulla igiyar shanya a ɗaya gefen gidan, inda ba sai na hau turmi ba.