Tulle Ba Ta Cire Kai

Bodil Kragh ta fi kowa yawan hotuna a garinmu, amma ko ɗaya babu fuskarta a ciki. Shiga duk gidan da ka ga dama daga nan har Kopenhagen, in dai masu gidan sun taɓa kai yaransu hutu Otal ɗin Tsohon Daji, ka ce su ɗauko maka tsoffin hotuna. Za ka ga wata ƙatuwar bushiya mai jan gyale a wuya ta rungumo yara suna ta washe baki. To, Bodil ce a cikin rigar nan, tana dahuwa da zufa.

'Yar masunci ce daga bakin teku. Tana budurwa ta zo otal ɗin neman aikin gyaran gado da wankin banɗaki. A lokacin ginin katako ne mai hawa biyu, manne da filin wasanni, ta taga kana jin ihun masu hawa lilo da usur ɗin ƙaramin jirgin ƙasa. Wata rana ana tsananin zafi, mutumin da ke sa rigar Tulle, sunan bushiyar ke nan, ya sume a gaban yara. Mai otal ɗin, tsoho Ejnar, ya dubi ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, bai ga gajere kamar Bodil ba.

"Ke, shiga," in ji shi. "Doka biyu ce kawai. Tulle ba ta magana, kuma Tulle ba ta cire kai a gaban baƙo, ko da gobara ake yi."

Mu da muka yi aiki da ita a kicin muka ce Allah ya san abin da ya sa ya ba ta aikin shiru, domin bakin Bodil ya fi ƙayar da ke bayanta tsini. Da ta tuɓe rigar za ta fara, daga mai dafa abinci har direban jirgi ba wanda take ƙyalewa. Direban nan ma, Svend, zagin ne ya yi masa daɗi har ya aure ta, suka zauna lafiya har ya rasu. Amma da zarar ta ɗora kan bushiya, shi ke nan, ko ka taka mata ƙafa ba za ka ji uffan ba.

Shekaru suka ja. Ejnar ya mutu, 'ya'yansa suka sayar wa wani kamfani na ƙasar waje, aka rushe katakon aka ɗora gilashi hawa bakwai. Gwiwoyin Bodil suka gaji, ta ajiye aiki. Sai dai duk shekara akwai mako guda da take komawa ta ɗauko tsohuwar rigar daga sito, kuma saboda mutum ɗaya take yin haka.

Sunansa Aksel Vinther. Yana ɗan ƙaramin yaro mahaifiyarsa, Ditte, ta fara kawo shi. Ranar farko hayaniyar ɗakin cin abinci ta firgita shi, ya shige ƙarƙashin tebur yana kururuwa, uwar ta rasa yadda za ta yi. Tulle ta je ta zauna a ƙasa kusa da teburin, ba ta taɓa shi ba, ba ta yi komai ba, har ya yi shiru ya miƙo hannu ya kama mata hanci. Yanzu Aksel ya haura hamsin, furfura ta fito masa, amma hankalinsa yana nan inda yake a wancan lokacin. A saninsa Tulle bushiya ce ta gaskiya, tana zaune a dajin da ke bayan kicin, kuma shi kaɗai take fitowa gani.

Bana otal ɗin ya shirya bikin cika shekara sittin. Aka yi shela mutane su aiko da tsoffin hotunansu, aka lulluɓe bangon doguwar baranda da su. Sabon manaja, Troels Brandt, wanda a haife Bodil ta yi jika da shi, ya kira ta ta zo ta gani. Ba mugu ba ne, gaskiya. Irin mutanen nan ne da in sun yi niyyar yi maka alheri sai ka nemi wurin ɓuya.

Ta bi bangon a hankali tana dogara sanda. Ga dogon teburin da kowa da kowa ke zama a sha kunun hatsi da safe, baƙo da mai shara, ba kamar yanzu ba da sai ka nemi izini ta waya kafin ka karya kumallo. Ga makullan ɗakuna masu ƙaton katako a rataye, waɗanda ba sa shiga aljihu. Ga iyaye maza da sigari a baki suna tura keken jarirai. Ga Svend a kan jirginsa, hularsa a karkace. A nan ta ɗan daɗe.

"Bodil, dubi wannan!" in ji Troels. "Ke ce nan, ko?"

"Tulle ce."

"Ai duk ɗaya ne."

"A wurinka."

Ya yi dariya, ya shiga zayyana mata shirinsa. Ranar biki za a fito da sabuwar Tulle, siririya mai manyan idanu, da na'ura a ciki tana magana da harshe uku. Tsohuwar Tulle za ta miƙa mata jan gyale. Daga nan sai Bodil ta cire kai a gaban jama'a, a haska fuskarta a babban allo, a ba ta furanni, duniya ta san wadda ta yi wannan aiki.

"A gaban wa?"

"A gaban kowa. Har Aksel da mahaifiyarsa, mun ba su kujerun gaba. Ai su ne baƙinmu mafi daɗewa."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, kanka ɗaya kuwa?"

"Haba, Bodil, karramawa ce fa. Zamani ya canza, yaran yanzu duk sun san mutum ne a ciki."

"Aksel bai sani ba."

Troels ya gyara tsayuwa. Ya ce an riga an sanar wa 'yan jarida, kuma ta yi haƙuri, rigar nan ta otal ce. In ba za ta iya ba, akwai wata 'yar wasan kwaikwayo da za ta sa ta, ta cire kan, a kira Bodil daga cikin jama'a ta karɓi furanninta. Jin haka Bodil ta ga inda aka dosa: da ita ko ba ita, sai an fille kan Tulle a gaban Aksel.

"To, zan hau dandalin," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, shi kuwa ya ji abin da yake so ya ji.

Kada wani ya ce maka abin bai ja ranta ba. Ya ja. Mace ta ƙare ƙuruciyarta a cikin buhun roba, ana tafa wa bushiya, ita kuma in ta fito titi ko sannu ba mai ce mata, sannan a ce yau za a kira sunanta a gaban dubban mutane? Har wurin mai gyaran gashi ta je, ita da rabonta da wurin tun jana'izar Svend. Da muka tsokane ta sai ta ce mu kula da tukwanenmu.

Ana gobe biki ta iske Ditte a bayan otal tana shan kofi, Aksel yana can bakin tafki yana jefa wa agwagi burodi. Ditte ta tsufa ƙwarai.

"Na ji abin da za a yi," in ji Ditte. "Na so in hana shi zuwa, amma kin san shi, tun hunturu yake zancen makon nan." Ta dubi wajen tafkin. "Ni kwana ya ƙare mini, Bodil. In na tafi, gidan kula da irinsu za a kai shi, cikin mutanen da bai sani ba. Tulle ce kaɗai abin da zai tafi da shi. Amma kin yi mana iya yinki. In kin cire, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Bodil. "Sha kofinki kafin ya huce."

Ranar biki rana ta buɗe, filin gaban otal ya cika maƙil. Aka yi jawabai, aka yi kiɗa, sabuwar Tulle ta fito tana tsalle tana gaishe da jama'a da harshe uku. Sannan tsohuwar ta hawo dandali a hankali, gashinta ya koɗe, ƙayoyin bayanta wasu sun karye. Iyaye suka fi yaransu ihu. Ta cikin ragar bakin bushiya Bodil ta hango Aksel a kujerar gaba, ya miƙe tsaye yana ɗaga mata hannu biyu.

Ta kwance gyalen ta ba sabuwar. Wannan bai dame ta ba, gyale ne.

"Yanzu kuma," in ji Troels ta lasifika, "lokaci ya yi da za mu ga wani abu da ba a taɓa gani ba!"

Ganga ta ɗauka. Tulle ta tsaya ƙyam, hannuwa a gefe. Ganga ta ƙare, aka sake ɗaukowa. Troels ya yi murmushin dole, ya matso, ya miƙa hannu zai taimaka mata da kan.

Sai Bodil ta yi abin da kowace bushiya take yi in an miƙo mata hannu. Ta durƙusa, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi, ta naɗe hannuwa a kai, ta dunƙule, ta bar masa ƙaya. Tsohuwar da sai da sanda take hawa matakala! Tana kaiwa ƙasa gwiwar hagu ta ce ƙas, zafin ya harba har ƙwaƙwalwarta. Ta ciji tsumman da ke cikin kan, ba ta bari ko nishi ya fita ba.

Jama'a suka ɗauka wasa ne, suka fashe da dariya, yara suna tafi. Troels ya toshe makirufo da hannu ya sunkuya.

"Bodil, don Allah tashi. Kyamara na ɗauka fa. Bodil!"

Tulle na nan a dunƙule. Ya kama gefen kan ya ɗan ja, yana yi wa jama'a dariyar yaƙe. Nan ne wata murya ta tsaga filin.

"Ka ƙyale ta! Tsoro take ji!"

Kafin masu gadi su motsa, Aksel ya haye dandali da ƙaton jikinsa. Ya ture hannun manaja, ya zauna daɓas a gaban Tulle, ya buɗe hannuwa ya kare ta. "Ba a taɓa mata kai," ya ce da ƙarfi. "Ku yi shiru, kuna ba ta tsoro." Wallahi filin nan ya yi tsit. Wa zai yi kokawa da bushiya da mai gadinta a gaban kyamara? Troels ya ja da baya, ya ce a tafa wa Tulle, aka tafa.

Tashi kuwa ya gagara. Mu na kicin muka gane, muka turo keken ɗaukar akwatunan baƙi, muka ɗora ta a dunƙule kamar buhun dankali. Aksel ya raka mu har ƙofar baya yana shafa ƙayoyin, Ditte ta riƙe shi a nan. Sai da muka rufe ƙofa muka sa sakata sannan Bodil ta yarda aka cire kan. Fuskarta ta yi fari fat, gashin da aka gyara ya manne da zufa. Abin da ta fara faɗa game da Troels da kakanninsa ba zai maimaitu ba.

Likita ya ce gwiwar ta tashi aiki, ko an yi tiyata ba za ta sake durƙusawa ba. Otal ya kulle rigar, aka aiko mata cewa ta gama sa ta har abada. Furannin dai an kawo su asibiti, ta ce a kai wa na gadon kusa.

Ranar da za su koma gida Ditte ta zo duba ta, kuma da yake ba ta da inda za ta bar Aksel, tare suka zo. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hularsa, yana kallon ƙasa.

"Mama, wace ce wannan?"

"Wata ƙawata ce, ta ji ciwo a ƙafa."

Ya ɗan yi tunani, sannan ya ga ya kamata ya ba mara lafiya labari mai daɗi. "Tulle ta tafi cikin daji can ciki, za ta yi dogon barci. Ta tsufa. Sun so su taɓa mata kai, ni na hana su."

Bodil ta dube shi. Shekara arba'in da ɗoriya tana rungumar mutumin nan, bai taɓa jin muryarta ba.

"Ka yi daidai, Aksel," ta ce.

Ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ya ga tsohuwa mai farin gashi a kan gado, ya kawar da kai. Ya ja hannun rigar mahaifiyarsa.

"Mama, mu tafi. Ban san ta ba."

Abin ya soke ta har zuciya, kuma abin da ta karya gwiwarta domin ta ji ke nan. Ta ɗaga wa Ditte hannu alamar su je, ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.