Zagayen Tsibirin da Ba Mu Ƙarasa Ba

Shawarar 'yarmu ce. Bayan likita ya tabbatar mana cewa mantuwar da ke damun mahaifinsu ba ta gajiya ba ce, ciwo ne, kuma gaba zai yi ta yi, sai ta same ni a kicin a gidanmu na Upper Marlboro, a jihar Maryland ta Amurka, ta ce mu tafi wani wuri mu huɗu tun yana gane mu. Ta zaɓi Puerto Rico, don tsibiri ne mai zafi da ke ƙarƙashin Amurka, ba sai da biza ba. Za mu yi hayar mota mu zagaye shi, duk inda la'asar ta yi mana mu kafa tanti a bakin teku. Na ce ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya bar gadonsa ya je ya kwanta a ƙasa ba. Yayanta, ɗanmu na fari, ya goyi bayanta. Suka rinjaye ni.

Maigidana ya fi shekara ashirin yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Mutum ne da za a miƙa wa takarda da Turanci ya mayar da ita Hausa yana tsaye. Da yaran kuwa yawanci Turanci suke yi. Suna jin Hausa sarai, amma a bakinsu ba ta zauna ba.

Farkon tafiyar ta yi daɗi. Muna fita daga filin jirgi iska mai ɗumi ta doke shi, ya tsaya ya buɗe hannuwa, ya ce, "Alhamdulillahi, yau jikina ya sake." A zangon farko shi ya riƙe wa ɗansa igiyar tanti. Na dafa shinkafa da kifi a kan ɗan risho, ya ci har ya nemi ƙari, abin da ya daɗe bai yi ba. 'Yarmu ta kalle ni tana murmushi, wai na gani ko.

Muka ci gaba da bin gaɓar teku muna sauya zango. Ko'ina akwai mangwaro da ayaba da gwanda, ga kaji suna kiwo a bakin hanya ba mai kula su. Da asuba zakaru suke tashe mu. Na lura yana ƙara nutsuwa, amma na kuma lura ya daina amsa Turanci. In yaran sun yi masa magana sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, irin wanda ake yi wa baƙo don kada a ba shi kunya.

Wata safiya 'yarmu ta kawo masa shayi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya juyo gare ni.

"Wannan baƙuwar tana da kirki. Daga ina take?"

"Malam, 'yarka ce fa. Autarmu."

"To, to," ya ce. "Allah ya yi mata albarka."

Ta ji komai. Ta ajiye buta, ta nufi bakin ruwa, ta daɗe tsaye ruwa yana dukan ƙafafunta. Ban bi ta ba.

A kudancin tsibirin ne ya ɓace mana. Da rana tsaka ne, ina wanke kwanuka a famfon zango, yaran suna naɗe tanti, kowa yana zaton yana wurin ɗan'uwansa. Muka bazama. Ɗanmu ya bi bakin teku da gudu yana kiransa, don mun san mahaifin nasa bai iya iyo ba. Ni da 'yarmu muka bi wata 'yar hanya da ta shiga ƙauye, muna nuna hotonsa a waya ga duk wanda muka tarar.

Muka same shi a gindin wata bishiyar mangwaro, a ƙofar wani gida mai rufin kwano. Yana zaune a kan benci kusa da wani tsoho ɗan garin, ya cire takalmansa ya ajiye a gefe. Yana ta zuba masa Hausa, tsohon yana amsawa da yarensu na Sifaniyanci, babu mai jin wani, amma duk su biyun fuskarsu a sake.

"Malam, ka tayar mana da hankali. Tashi mu tafi."

"Ina za mu?" ya ce. "Ai gida muke. Inna ta tafi kasuwa, ita nake jira."

Innarsa ta rasu tun kafin a haifi yaran nan.

Sai 'yarmu ta durƙusa a gabansa. Na ga leɓɓanta suna motsi tana harhaɗa kalmomi, sannan ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Baba, don Allah, ka zo da mu. Ni ina... ina tsoro."

Ya dube ta da tausayi. Ya ce da ni, "Kin ji? Tana ƙoƙari. In ta daɗe a garin nan za ta iya."

Da ƙyar na shawo kansa. Sai da na ce masa Inna ta aiko a ce ya same ta a gaba, sannan ya sa takalmi. Ya yi wa tsohon sallama cikin ladabi, ya ce a gaida mutanen gida. Tsohon ya cika mana leda da mangwaro, ya dafa kafaɗar 'yarmu ya faɗi wani abu da ba mu gane ba.

A mota ɗanmu ya riƙe sitiyari bai tayar ba. Ya ce da Turanci, "Mama, mu koma." Ba wanda ya musa. Muka bar gefen tsibirin da ya rage, muka ratsa ta tsakiyar duwatsu zuwa filin jirgi. Duk tsawon hanya maigidana yana leƙen taga yana kiran sunayen ƙauyukan da ke kusa da garinsu, yana mamakin yadda aka yi musu kwalta.

Da muka dawo Maryland sanyi bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofarmu ya ƙi shiga, ya ce ba a shiga gidan mutane ba sallama. Likita ya ce sauya wuri yakan rikita masu irin ciwonsa, wataƙila ya dawo daidai in ya huta. Bai dawo ba. Turancin ya tafi ke nan, kuma yanzu Hausar ma ta fara raguwa.

'Yarmu ta samu wata malama a Kano da ke koya mata Hausa ta waya. Duk ƙarshen mako tana zuwa, ta zauna kusa da shi ta gwada abin da ta koya. Bakinta ya faɗa sosai, har tana iya ba shi labarin aikinta. Shi kuwa yawanci ba ya cewa komai. Nakan bar musu falon in hau sama, in rufe ƙofa, don kada in ji tana magana ita kaɗai.