Huseina Mai Burodi da Kofin Aro

A shekarar 1981 na fara ganin Huseina, ranar Asabar ta biyu a watan Agusta. Ina zaune a barandar gidanmu a Wusasa ina duba takardun jarrabawar 'yan aji uku, sai na hango wata mace goye da yarinya, tsaye a bakin shingen bayan gida, inda matata Rosaline take gasa burodi. Daga cikin birni ta kawo 'yar tata asibiti. An ba su magani, suna hanyar bakin titi ƙamshi ya tare ta, ta biyo shi har gidanmu.

Ta yi sallama. Rosaline ta amsa, ta ɗauka mai saye ce. Matar ta ce ba saye ya kawo ta ba.

"To me ya kawo ki, baiwar Allah?"

"Tambaya. Me kike sa masa yake kumbura haka? Sau biyu na kwaɓa fulawa a gida, abin da ya fito maigidana ya ce a ajiye masa zai tokare ƙofa da shi."

Rosaline ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta yanka mata burodi mai zafi, ta ƙulla mata wani ta ce ta kai wa maigidan. Maigidan nata, Malam Aƙilu, mai ɗinkin hula ne a unguwar Kusfa, mutum mai ƙarancin magana. An ce da ya ci sai ya dubi Huseina ya ce, "Asabar mai zuwa ki koma." Wata huɗu ta yi tana zuwa kowace Asabar.

Rosaline ba ta da obin irin na yanzu. Rabin duro ne, an zuba masa yashin kogin Kubanni da aka wanke aka shanya, gawayi a ƙarƙashi, gawayi a kan murfi. Wajen mahaifiyarta ta koya, wadda ta yi shekaru tana girki a gidan mishan. In tana son sanin ko zafi ya yi, sai ta yayyafa fulawa kaɗan a kan yashin ta duba yadda take sauya launi. Agogo kuwa ba ta amfani da shi. In ta sa biskit ta rufe duro, sai ta ɗauki wata waƙar coci mai baiti huɗu ta rera ta sau uku a hankali, tana direwa ta ɗaga murfi.

Huseina ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Maman Fredrick, waƙar da daɗi, amma in na rera ta a Kusfa za a taru a kaina." Sai ta ciro carbinta ta ce a sake. Rosaline na waƙa, ita tana ja. Zagaye bakwai ya kama daidai. Ni kuma daga baranda na duba agogon hannuna na sanar da su cewa minti goma sha biyu ne cif. Suka dube ni, suka dubi juna, ba wadda ta ce mini na gode.

Daga farkon 1982 Huseina ta kafa nata duron a tsakar gidansu. Ba ta taɓa kafa allo a ƙofa ba. Burodinta ƙanana ne, a gwangwanayen madara take gasa su, suna fitowa da kai kamar hula. Masu shayin Kusfa suka fara karɓa, sannan na Kwarbai, har na Ƙofar Kibo suka riƙa aikowa tun da sassafe. Malam Aƙilu ya rasu a 1996 ya bar ta da 'ya'ya shida, kuma da wannan duron ta raine su. Khairat, wadda na fara gani a goye, yanzu malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata. Da manyan gidajen burodi suka cika gari da burodi mai yanka-yanka a leda, masu shayi suka janye, Huseina ba ta tsaya kuka ba. Ta koma kan biskit: na citta, na gyaɗa, na kwakwa, tana murza kwaɓin da kwalba, tana fitar da shi da bakin ƙaramin kofin shayi. Gidajen biki da na suna suka san hanyar zaurenta. Ta sauke farali a 2011. Kowace Kirsimeti burodinta yana iso mana kafin mu fita coci, kowace Sallah Rosaline tana aika mata da kaji biyu.

Rosaline ta rasu a watan Yunin 2021. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan Huseina ya faru ne shekara uku bayan haka.

A gidanmu akwai al'ada: duk bikin auren da aka yi, kowane baƙo yana komawa da ƙullin biskit mai citta na Rosaline. Tun bikin ƙannena ake yi. Da aka sa ranar auren jikata Annabel, 'yar ɗana Fredrick, dangin ango suka zo, wata gwaggonsa ta ce ita dai abin da ya dame ta shi ne ba za ta sake cin biskit ɗin nan ba. Na miƙe a gaban jama'a na ce za ta ci. Na ce yadda ake yinsa yana rubuce a littafina, ni na rubuta da hannuna daga bakin mai shi: fulawa kofi uku, sukari kofi ɗaya, bota gwangwanin tumatir biyu, citta cokali biyu, ƙwai ɗaya, minti goma sha biyu. Aka yi tafi. Annabel ta zo ta rungume ni.

Sau uku muka gwada, ni da ita, a obin mai gas na uwarta, da sabon kofin awo mai lambobi da na saya a Sabon Gari. Na farko ya fito da tauri kamar tsakuwa. Muka ƙara ruwa a na biyu, ya zama wani abu tsakanin burodi da katako. Na uku ya ƙone a gefe, cikinsa gari.

"Kaka," in ji Annabel, "a haƙura a sayo na kanti. In mun ba mutane wannan, sai mun haɗa musu da likitan haƙori."

Saura kwana takwas, baƙi kusan ɗari huɗu, kuma na riga na yi alkawari da sunan matata. Na zuba biskit uku a aljihu na tari Keke Napep zuwa Kusfa.

A zaure aka shimfiɗa mini tabarma. Hajiya Huseina ta fito tana goge hannu, fulawa har gwiwar hannunta. Muka gaisa, ta tambayi amarya, na miƙa mata abin da na kawo. Ta gatsa, ko in ce ta yi ƙoƙari.

"Malam, wa kuke son kashewa?"

Na buɗe littafi na karanta mata, na nuna mata ban tsallake ko layi ɗaya ba.

"Rubutunka daidai ne. Da wane kofi kuka auna?"

"Da kofin awo mana. Mai lambobi."

Ta miƙe. Ta shiga ciki ta dawo da butar ruwa da wani tsohon kofin tangaran na ƙarfe, fari mai shuɗin baki, ya lotsa a gefe ɗaya. Na san shi. A kan ƙusa yake rataye a kicin ɗinmu shekarun farkon aurenmu, kuma na daɗe da ɗauka ya ɓace. Ta ce in kawo nawa kofin, wanda na taho da shi a jaka. Ta cika shi da ruwa ta juye a cikin tsohon. Tsohon ya cika ya tumbatsa, ruwa ya malala a ƙasa, ga saura a nawa.

"Ka gani? Kofinka uku, nata huɗu ne da ɗoriya. Fulawa kuke ta ɗurawa, botar ba ta ƙaru ba. Kuma ita ba ta cika shi, iyakarta wannan zanen." Ta nuna mini wani ɗan karce a ciki wanda aka yi da bakin wuƙa.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa tambayar girman kofin ba. Daɗi ya kama ni har na manta da ciwon gwiwa na miƙe tsaye. Na tambaye ta yadda aka yi kofin ya zo hannunta. Ta ce, "Aro ne," ta ci gaba da goge shi da gefen mayafi.

Na roƙe ta ta gasa mana. Ta ce a'a.

"Ni ba zan gasa ba. Amarya za ta gasa, ni in zauna in duba."

"Hajiya, yarinyar nan a banki take aiki a Kaduna. Ba ta taɓa hura gawayi ba. Kwana takwas ya rage."

"Kwana takwas ya isa. Ni Asabar goma sha bakwai na yi, don ba kullum nake zuwa ba. Ranar Litinin ka aiko Keke ya ɗauki duro."

Na koma gida ina murna ina kuma jin haushinta, don ban ga dalilin wannan taurin kai ba.

Ranar Litinin duro ya iso Wusasa, da buhun yashi, da Hajiya zaune a gefensu riƙe da kofi a cinya. Aka kafa shi a bayan gida, daidai inda na Rosaline ya zauna. Maƙwabta suka fara leƙe ta kan shinge. Annabel ta fito da dogayen farata masu fenti, Hajiya ta dube su ta ce, "'Yata, waɗannan na ango ne ko na kwaɓi? Zaɓi ɗaya zuwa Juma'a." Aka kawo abin yankan farce.

Ta sa ta auna fulawa sau biyar tana juyewa, har hannunta ya san inda karcen yake. Ta sa ta murje bota da yatsu har ya zama kamar dusa. Hayaƙi ya sa amarya hawaye, ta ce idonta zai yi ja a hoto. Hajiya ta ce, "Sai a ce kukan rabuwa da gida ne, ki ci riba biyu." Da aka jera faranti na farko aka rufe, Annabel ta ɗauko waya za ta saita lokaci. Hajiya ta ce ta saita, ita ma ta ciro carbi. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam, kana tuna waƙar?"

Ina tuna ta. Shekara uku ban rera ta ba, muryata kuma ta tsufa, amma na ɗauka. A baiti na biyu matan da ke bakin shinge suka kama mini. Muna dire zagaye na uku, Hajiya ta kai ƙarshen carbinta, wayar Annabel ta yi ƙara, duk a tare. Aka ɗaga murfi. Ƙamshin citta ya bugi fuskata, na ɗauki ɗaya da zafinsa, ya ƙone mini yatsa, ya narke a baki. Shi ne. Matan suka rangaɗa guɗa, Annabel ta yi ta tsalle da fulawa a goshi, ni kuwa na ci guda shida a tsaye, abin da likita ya hana ni.

Talata Hajiya ta gyara mata hannu sau biyu kawai. Laraba ta zauna a kujera ba ta taɓa komai ba, sai hira take da matan coci a kan tsadar ƙwai. Alhamis ba ta zo ba. Khairat ta kira ta ce ƙafa ke damun Hajiya. Hankalina ya tashi, don saura faranti goma sha ɗaya. Annabel ta ɗaura zani, ta hura gawayi, ta yayyafa fulawa a kan yashi ta tsaya tana dubawa kamar wadda aka haifa a bakin duro. Kafin la'asar ta gama, ɗaya ne kawai ya ɗan yi duhu, shi ma ni na cinye shi. Daga baya na ji cewa a ranar an ga Hajiya a kasuwa tana tafiyarta lafiya lau.

Ranar biki kowa ya tafi da ƙullinsa. Gwaggon ango ta buɗe nata tun a wurin, ta ci, ta aiko a ƙara mata. Hajiya Huseina ta zo wajen liyafa, ta zauna can baya tare da Khairat, ta tafi kafin a fara rawa. Ban samu na yi mata godiya ba.

Washegari da safe na shiga kicin zan dafa shayi, sai na ga kofin rataye a kan tsohuwar ƙusarsa, an wanke shi tas. Ba wanda ya ga lokacin da aka rataye shi. Na tsaya ina kallonsa, sai kalmar nan tata ta dawo mini: aro. Ni mutum ne mai rubuta abin da ya faru kowace rana tun ina makaranta, littattafan suna jere a akwati. Na ciro na 1981, na bi Asabar-Asabar har na kai ta biyar ga Disamba. Ga abin da na tarar da rubutuna:

"Yau Huseina ta gama koyo. Ta kawo turmin atamfa, R. ta ƙi karɓa. Ta ba ta aron kofin awo. Ta ce mata: ni 'ya'yana duk maza ne, ba mai tsayawa a bakin duro. In Allah ya kawo mace a gidan nan, ki koya mata, sannan ki dawo da kofina."

Na rufe littafin na kira Annabel a waya na ce kafin su wuce Kaduna ta biyo, akwai kayanta a kan ƙusa.