Talabijin ɗin da Baba Dzarma Ya Yanke wa Murya

Tun ranar Asabar ɗin da aka buɗe sabon shagon Baba Dzarma, aka kuma rufe shi kafin la'asar, ban ƙara taɓa wasan gem ba. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai in zabura in nemi wurin ɓuya. Mutane da yawa sun ga bidiyon abin da ya faru, sun yi dariya, sun tura wa wasu. Ba su san dattijon da ke wucewa a gefen hoton da filaya a hannu ba. Ni na san shi tun ina firamare.

Dzarma mutumin kudancin Borno ne, daga wani ƙauye kusa da Biu. Ya zo Maiduguri yana saurayi, ya koyi gyaran rediyo a wani lungu bayan Kasuwar Kifi ta Baga Road, inda warin banda ke bin mutum har gida. Wata rana wani ɗan kasuwa mai suna Onyekwere, mai kawo kayan wuta daga Aba, ya ba shi wani ɗan akwati ya duba, wai ya ƙi kamawa. Dzarma ya gyara, ya jona shi da talabijin don gwaji, sai ga wani ɗan mutum kamar ƙwayar gyaɗa yana tafiya daga hagu zuwa dama yana tsallake rami. Da Onyekwere ya dawo da yamma, ya tarar da shi ko abincin rana bai ci ba, yana ta faɗawa rami guda. Akwatin bai bar shagon ba.

Haka shagon gyara ya koma gidan gem. Duk wanda ya tashi a lungunmu ya zauna a kan bencin nan, ya riƙe abin latsawa da muke kira hannu, ya kuma san dokar gidan: wanda aka ci ya miƙa hannu ga na kusa da shi, ba gardama.

Dzarma bai taɓa jefar da tsohon wasa don sabo ya shigo ba. Kowane iri da talabijin ɗinsa, a jere daga ƙofa zuwa ciki, gwargwadon yadda suka zo. Na tsalle a bakin ƙofa. Sai na duwatsu masu faɗowa daga sama, wanda 'yan mata suka fi mu iyawa. Sai na dambe, mutum biyu suna fuskantar juna. Sai tseren mota, sai ƙwallo. Yana da nasa bayanin yadda suka haifi juna, yakan yi mana shi idan aka ɗauke wuta muna jiran janareto ya tashi.

"Wancan na ƙofa," in ji shi, "inji ne mai ƙaramin kai. Bai iya zana gaba da baya ba, shi ya sa ɗan mutumin ba ya zuwa ko'ina sai gefe. Da kai ya ƙaru, suka ba shi abokin faɗa. Da ya ƙara ƙaruwa, suka ce to bari titi ya riƙa tahowa wajenka. Kowane sabon wasa, dubawa za ka yi ka ga me injin ya koya."

"To Baba, na ƙarshen fa me ya koya?" wani ya tambaye shi.

Na ƙarshen shi ne na harbi, a can ƙuryar shago. A cikinsa ba ka ganin ɗan mutum ko kaɗan. Hannu kawai kake gani da bakin bindiga, kamar naka ne.

"Wannan ya koyi ɓoye maka cewa wasa kake yi," ya ce.

A gaban shagon, tsallaken lungu, akwai Ya Gumsu mai sayar da banda a faranti. Ɗanta Kashim ne gwanin wasan dambe a zamaninsa. Sai ya wuni a kan benci ba wanda ya karɓe masa hannu, uwar tana leƙo shi tana faɗa da Kanuri. A shekarun rikici Kashim ya fita wata safiya bai dawo ba, kuma ba a ga gawarsa ba. Ba ita kaɗai ba ce a garin nan. Bayan 'yan makonni ta dawo kan farantinta, don dole a ci abinci.

Dzarma ya gaya mini cewa jim kaɗan bayan dawowarta ne wani ya ƙure sautin wasan harbi. Ya ɗaga kai ya ga Ya Gumsu ta sandare da kifi a hannu, mai saye yana mata magana ba ta ji. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya juya talabijin ɗin, ya kwance bayansa, ya sa filaya ya yanke wayar lasifika. Daga ranar wasan harbi a shagon Dzarma ya zama na kurame. Mu da muka taso bayan haka mun ɗauka ma haka aka yi shi. Sai da na shiga jami'a na fara jin ƙararsa a ɗakin wani, na tashi na fita.

Shekaru aka yi a haka lafiya. Abin da ya ɓata lamarin sabon iri ne da ya shigo, wanda ake jefa mutum ɗari a tsibiri daga jirgin sama, kowa da kowa abokin gaba, wanda ya rage da rai shi ya ci. Ba da na kusa da kai a benci kake yi ba, da mutanen wasu ƙasashe kake yi ta intanet. Kuma wannan wasan da kunne ake yinsa. Sai ka ji takun mai tahowa a bayanka, ka ji daga wane ɓangare harsashi ya fito. Wanda ba ya ji, gawa ne tun kafin ya sauka.

Gana, wanda ya fi kowa iya shi a unguwa, ya roƙi Dzarma har ya gaji.

"Baba, ba mu ce ka mayar da lasifika ba. Iyafis kawai. Kowa da nasa a kunne, ba wanda zai ji a waje."

"A garin nan za ka toshe kunne biyu?" in ji Dzarma. "Idan abu ya tashi a titi, ni zan bi ku ɗaya-ɗaya ina taɓa kafaɗa? Kunne ɗaya na wasa, ɗaya na Maiduguri."

"Kunne ɗaya ba ya nuna hagu da dama, Baba. Yaran Indiya sai kashe mu suke yi kamar kaji."

"To ku gaishe su."

Samari suka fara janyewa. Wasan ya shiga waya, ba sa buƙatar bencin kowa. Aka bar Dzarma da 'yan ƙwallo da wasu magidanta masu zuwa tuna baya a talabijin ɗin ƙofa.

Sai ambaliya ta zo. Ruwan ya kwana a cikin shagon ya kai ƙirji. Da ya janye, na je taya shi kwashe kaya, don lokacin na gama digirina a kan kwamfuta ina zaune ba aiki. Ban taɓa jin wari irin wannan ba. Laka baƙa ta haɗu da ruɓaɓɓen kifin da ruwa ya kwaso da abin da ya fito daga masai. Muka riƙa buɗe injinan ɗaya bayan ɗaya, tun daga na ƙofa har na ƙurya, kowanne cike da taɓo, wani har da tsutsa. Ko ɗaya bai tashi ba. Dzarma ya wanke filayarsa, ya sa a aljihu, ya zauna a kan benci.

A wannan halin Zion ya same shi. Saurayi ne daga Abuja, mai shirya gasar gem a madadin wani kamfani, ga fara'a, ga Hausa a bakinsa. Ya ce ya ji labarin gidan gem mafi tsufa a garin, kuma labarin ya taɓa shi. Zai gyara shagon, ya zuba sababbin injina da manyan talabijin, a bar wa Dzarma su. Abin da yake so kawai a buɗe da gasar wasan tsibiri, ya ɗauki hoto.

"Sharaɗina ɗaya," in ji Dzarma. "Ƙarar harbi ba ta fita lungun nan."

"Haba Baba, an gama. Kai ne mai gida."

Don shagon ya dawo, Dzarma ya sassauta abin da bai taɓa sassautawa ba: ya yarda da iyafis a kunne biyu, muddin shi yana tsaye a ƙofa yana saurare a madadin kowa. Ni aka sa na jona injinan da intanet. Da na ga ana sauke manyan lasifikoki daga mota, irin na gidan biki, na tambayi Zion.

"Na kiɗa ne, injiniya, da mai gabatarwa. Kai dai ka ji da wayoyinka."

Ranar Asabar lungu ya cika. An yi fenti, an kafa rumfa, an rataya wani babban talabijin a waje don 'yan kallo. Dzarma ya sa farar kaftani. Ya tsallaka da kansa ya gaida Ya Gumsu, ya kai mata lemo mai sanyi. Ta ce masa Allah ya sa albarka, har ta yi masa tsiya wai ya zama ango.

Bayan azahar gasar ta kai zagayen ƙarshe. Gana na cikin waɗanda suka rage. 'Yan kallo sun yi tsit suna bin hoto marar sauti, kamar yadda muka saba. Na ga Zion yana duba wayarsa yana yamutsa fuska. Na ji yana ce wa mai kula da sauti, "Wurin nan ya mutu, kamar zaman makoki. Ba su sauti su farka."

Abin da ya fito daga lasifikokin nan ba irin ƙarar wasannin da ba ce. Masu yin wasan yanzu sun ƙware. Har amsawar da harbi ke yi idan ya bugi bango sun saka, har ɗan shirun da ke biyo baya. Jikina ya gane shi kafin kaina. Na tsinci kaina a ƙasa, fuskata a cikin ƙasa, ban san lokacin da na kwanta ba. Lungu ya watse. Masu Keke Napep suka bar kekunansu a kunne. Wata mata ta ɗauki ɗan da ba nata ba ta ruga. Can bakin titi aka fara rufe shaguna, don gudu ya riga bayani isa. Su Gana kuwa suna ciki da iyafis a kunne biyu, suna ta wasa, ba su san me ake yi ba.

Ya Gumsu ta tashi za ta gudu, zaninta ya harɗe ta, ta faɗa kwata da farantinta. Hannunta ya karye a wuyan hannu. Tana kwance cikin baƙin ruwa, kifi ya watsu a kanta, ba ihun ciwo take yi ba. Sunan Kashim take kira.

Da na ɗago kai, Zion na gani. Yana tsaye a kan kujera, ya ɗaga waya, yana bin masu gudu da ita, yana dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Ku dawo, wasa ne fa," yake cewa. "Kai, mutanen nan. Wallahi wannan sai ya zagaye duniya."

Dzarma bai yi gudu ba, bai kuma yi ihu ba. Ya ratsa ta gabansa, ya je bayan lasifika ta farko ya yanke waya, ya je ta biyu ya yanke. Sannan ya shiga kwata da farar kaftaninsa ya ɗago Ya Gumsu. Sai da aka sa ta a Keke aka nufi asibiti ya dawo.

"Baba, ka san kuɗin wayar nan da ka yanke?" in ji Zion.

"Kwashe kayanka."

"Ka yi tunani dai. Ba ni da asara, gobe wani zai karɓa. Kai fa me ya rage maka? Laka?"

"Kafin la'asar," in ji Dzarma. "Har fentin, in kana iya kankarewa."

Aka kwashe komai. Gana ya fito yana ƙorafi wai saura mutum biyu ya ci gasar, sai da ya ga kifi a warwatse a kwata ya bar maganar.

Bidiyon ya zagaya kamar yadda Zion ya faɗa. An sa masa kiɗa. An maimaita faɗuwar Ya Gumsu a hankali, sau da yawa, an rubuta a ƙasa cewa wasan ya kai wasa, har 'yan Maiduguri sun ɗauka gaske ne. Wani abokin karatuna da ke Legas ya turo mini shi da fuskokin dariya, yana tambaya ko na san wurin. Na karanta saƙon ina cin abinci, na ture kwanon. Har yau ban ba shi amsa ba.

Shagon bai sake zama gidan gem ba. Dzarma ya koma gyara, yanzu waya da fitila mai caji da rediyon tsofaffi. Alamar inda talabijin suka jeru tana nan a bango, ƙusa bayan ƙusa, daga ƙofa zuwa ƙurya. Ya Gumsu ta warke, amma ba ta dawo lungun ba. Ta mayar da farantinta cikin kasuwa. Dzarma ya aika mata da gaisuwa ta amsa, ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, wurin ne ba ta so.

Shekaranjiya na same shi yana gyara wata waya. Mai ita saurayi ne, yana tsaye yana jira. Lasifikarta ce ta mutu. Da Dzarma ya gama, saurayin ya karɓa, ya buɗe wasan tsibiri don gwaji, ƙananan harbe-harbe suka fara fita daga tafin hannunsa.

"Ta yi?" in ji Dzarma.

"Ta yi, Baba. Har ta fi da."

"To je ka gwada ta a gaba."

Saurayin ya tsallaka lungu, ya zauna a inuwar da Ya Gumsu ke zama, ya ƙara sauti.