Hancin Zosimo da Butar Prudencia

A garin Nasca sai ka san hancin Zosimo kafin ka san sunansa. Maƙwabcina ne, maginin tukwane, cikin masu bin aikin mutanen da: butoci masu baki biyu da mariƙi a tsakani, an zane su da barkono, wake da wani kifi mai haƙora. Bai taɓa sayen man ƙyalli ba. Yadda ubansa ya koya masa, ɗan dutse yake gogawa a gefen hancinsa, ya kwaso maiƙo, ya murje butar har ta ɗauki ido. Burushin zane kuwa daga gashin matarsa Prudencia yake yanka, saboda nasa kan tal yake kamar ƙwai.

A kan haka suka tsufa suna faɗa. Ita ta ce zane ke sayar da buta, shi ya ce ƙyalli ne. Ni da ke soya naman alade a ƙofar gida na gaji da raba su, kuma ban ɓoye ba, bayan Prudencia nake.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta kira shi.

"Tsoho, mutanen da can ba sa shiga kabari hannu rabbana. Ka yi min butata, barkono da yawa, in gan ta da idona kafin in tafi."

Ga shi tun bara likita ya hana Zosimo cin maiƙo saboda zuciyarsa, hancin ya bushe ƙayau. Ya goga dutse har fata ta yi ja, ko ɗigo. Sai bawan Allah ya shiga unguwa aron hanci. Mahauci ya miƙa nasa, direban tasi ma, har fadan coci ya sunkuya ya rufe ido.

"Maƙwabciya, ɗan ara min naki," in ji shi.

"Kauce, kafin in ara maka ludayi a ƙeya!"

Da aka gasa butar ya kai mata. Ta jujjuya ta, ta shinshina.

"Nan hancin mahauci ne. Nan kuma fada, ga ƙamshin turare. Zosimo, so kake in kwanta har abada da hancin mazan unguwa? Me za a ce da ni a can?"

Ya fito ya zauna a bencina, ya ce in zubo mai kitsen.

"Likita fa?"

"Likita ya je ya yi wa tasa matar buta."

Safe da rana yana ci yana gumi, ni ina zubawa, ina tsoron kada ya riga ta tafiya lahira. Har dai hancin ya dawo yana walƙiya. Ya gina sabuwa, ya murje ta da abinsa.

Prudencia ta shinshina, ta rungume ta.

"Wannan kam naka ne, ƙazami. Amma zanen ya fi."

Da butar aka rufe ta. Fada ya yi kamar bai gani ba.

Da burushin ƙarshe ya cinye, na yanko masa gashina, matan unguwa ma suka kawo nasu. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ce babu mai jan layi daidai. Bai sake zana buta ba. Kullum yana zaune a ƙofar gida, dutsen a aljihu, hancin nan sai sheƙi yake a banza. Ina tausayinsa ƙwarai, kuma har yau ban gaya masa ta ci gardamar ba.