Kaset ɗin Mata Uku

Jikata ce ta saka ni a wani zaure na mata 'yan kasuwa da ke cikin waya. Masu atamfa, masu turare, masu kayan miya, kowa ta ɗora hoton hajarta. Wata ta ce tana neman mai kawo mata zuma daga ƙauye, kafin a jima an haɗa ta da wata. Da yarinyar ta gama saka ni, sai ta matso za ta koya mini aika murya, tunda rubutuna ba ya sauri.

"Kaka, nan za ki danna, ki yi magana, ki saki. Kin ga zamani ko?"

Na ce, "Tafi can. Lokacin da nake aika murya ubanki bai daina fitsarin kwance ba."

Ta kwashe da dariya, ta ɗauka wasan kaka da jika ne. Gaskiya na faɗa mata.

Da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari da iyalansu. Matansu ba su san kowa ba, ba su san inda ake samun abu mai kyau ba. Mu muna da itatuwan dabino na gado a bayan gida, maigidana tela ne, ni kuma ina sayar da dabinon daga cikin gida. Duk wadda ta zo saye sai ta tsaya tambaya. Ina ake samun daddawa mai ƙamshi? Wa ke da man gyaɗa wanda ba a gauraya ba? Na ga kasuwa tana shigowa har tsakar gidana tana fita hannu banza.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne direban bas, yana bin kasuwannin Jahun da Gujungu har Kafin Hausa. Shi ya haɗa ni da mata biyu. Ɗaya matar wani malamin allo ce a Kafin Hausa, mai daddawa, tana kuma samo busasshen kifi daga wajen Haɗeja. Ɗaya kuma a Taura take, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, tana zaune a gidan wan mijin tana matsar man gyaɗa. A garinsu kusan kowane gida ana matsa, don haka man nata ba shi da kasuwa sai an fitar da shi.

Da farko saƙon baki muke ba direba. Sai in ce jarka babba, ya kai ƙarama. Wasiƙa ba ta yiwu ba, ni firamare kawai na taɓa, matar malam sai ajami, ta Taura ko ɗaya. To a lokacin mutane suna aika wa 'yan uwansu na Makka magana a kaset. Na ce in kaset zai je Makka, me zai hana shi zuwa Taura?

Kaset ɗaya ne yake zagaya mu. In danna jan maɓallin ɗauka a rikoda in faɗi abin da matan ma'aikata ke nema, in ƙulle shi a ɗankwali, direba ya kai Taura. Ita ta saurara, ta ɗora tata maganar a bayan tawa, ya wuce Kafin Hausa, ya dawo mini tare da kaya. Ƙa'ida ɗaya muka kafa: ba mai goge muryar 'yar uwarta sai kowa ta ji.

Shekaru muka yi haka, ba wadda ta taɓa ganin fuskar wata. Amma na san gidajensu. A bayan muryar matar malam kullum akwai karatun yara da tarin Malam. A bayan ta Taura akwai turmi, da wani zakara mara kunya da ba ya cara sai ta fara magana. Matar malam a taƙaice take, sallama, farashi, addu'a. Ta Taura kuwa sai ta cinye rabin fuskar kaset ita kaɗai. Yaya take ce mini. Ta ba da labarin unguwa, ta tsokane mu, in nishaɗi ya kama ta ta rera wa man nata waƙar talla kamar 'yar yarinya. Ta hanyarta muka samu mai tabarma, ta hanyar matar malam muka samu mai man shanu, duk suka riƙa jefa saƙonsu ta bakin waɗannan biyun.

Sai shekarun shari'a suka zo. Na yi murna da ita, har yau ban sauya ba. Amma a wancan lokacin kowa ya zama mai gadin maƙwabcinsa. Direbobi suka ɓoye kaset ɗin waƙa, kowa yana neman na wa'azi. Ana cikin haka dattijonmu ya kwanta ciwo, ya ba wani ƙanensa motar. Shi kuma ya ga kaset a ƙulle ba rubutu a jiki, ya kwance, ya cusa a rediyon mota, bas cike da mutanen kasuwa.

Aka ji ni ina lissafa kaya, ba wanda ya kula. Sai ga ta Taura: "Yaya, dabinon da kika aiko wancan karon, tsohuwar gidanmu ta bar haƙori a ciki. In kin tashi ki aiko mana da guduma." Daga nan ta shiga waƙarta. An ce har fasinjoji suka sa aka mayar baya aka sake.

Bai kai wa matar malam kaset ɗin ba, ni ya dawo wa da shi, amma kafin ya iso hannuna magana ta riga shi. A bakin masallacin unguwarmu an mayar da ita wai akwai matan aure da ke aika wa maza waƙa a mota. Maigida ya shigo da la'asar, bai ko cire hula ba.

"An ji muryarki a tasha."

"Farashin daddawa aka ji, Malam."

"Ni ake nunawa da baki. Daga yau an gama kaset a gidan nan."

A nan na yi abin da na yi. Na ce masa ai ba ni ce mai waƙa ba, waccan ce, in an cire ta shi ke nan. Ya yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin izini. Na kamo tashar rediyon da ake tafsiri, na mayar da kaset daidai inda muryarta ta fara, na danna ja. Na ce wa direba ya daina tsayawa a Taura. Matar malam kuma na ce mata 'yar uwarmu za ta ɗan huta har magana ta lafa. Na nemi wani man a nan Dutse na ci gaba da sayarwa. Ba wanda ya tilasta ni. Tsoro ne, da son kasuwata ta tsira.

Na zaci matar malam ce za ta fi kowa yaba mini. Da kaset ya dawo na kunna, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Hajiya, na jira muryar yarinyar nan sai na ji tafsiri. Tafsiri muna da shi a gida, ba sai an aiko mana daga Dutse ba. Na gaya wa Malam duk abin da ya faru. Ya ce wanda ya kwance ƙullin da ba nasa ba shi ne ya ci amana. To shi ɗaya ke nan, ke ce ta biyu. Kuma in ba ki sani ba ki sani, man nata yana nan jibge ba mai saye. Wan mijinta ya ce tunda ba ta iya ciyar da yaran, kuma ta jawo masa magana, da an gama girbi zai raba su gidajen dangi. Yanzu layinta ne. Ga shi nan na bar mata."

Sai ta bar kaset yana tafiya ba ta ce komai ba. Ina jin yara suna karatu can nesa, ina jin kaza, ina jin numfashinta. Na yi ta jira ta kashe, ba ta kashe ba har fuskar ta ƙare, rikoda ta yi ƙas.

Washegari na sami maigida a kan keken ɗinki. Na ce ina neman izini zan je Taura.

"Wajen mai waƙar?"

"Wajen mai man gyaɗa."

"Ba ke kika ce a cire ta ba?"

"Ni ce. Ƙarya na yi maka don ka bar ni da kasuwata. Malam, kayan makarantar yaran nan da ka ɗinka, da kuɗin me aka sayi yadin? Lokacin da idonka ya yi ciwo ka daina ɗinki, me muka ci? Man matar nan muka ci. Ba mu yi sata ba, ba mu fita tsirara ba. Waɗanda ke nuna ka da baki, matansu a tsakar gidan nan suke sayen daddawa."

Ya ci gaba da taka keke. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In kin je ki dawo kafin magariba."

Na zuba sababbin batira a rikoda, na rungume ta a cikin hijabi, na shiga kujerar baya inda aka ware wa mata. Gyaɗa ta kusa isa cira a gonakin hanya, abin da na yi ta kallo ke nan har muka isa.

A zauren gidan na tarar da wan mijin, dogo, mai furfura a gemu, yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Dutse nake.

"Au, ke ce shugabar mawaƙan?"

"Ni ce mai sayar da man gidan nan, Alhaji."

"An bar wannan. Gidan nan ba a ƙara ɗaukar muryar mace a ba ƙato ya yi yawo da ita."

"Ba za a ƙara ba ƙato ba. Ni zan riƙa ɗauka da hannuna, daga ɗakinta zuwa ɗakin matar malam zuwa nawa. Mace ta ji muryar mace, wane littafi ne ya hana?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mijinki ya san kin zo?"

"Shi ya ce in dawo kafin magariba. Alhaji, in man nan ya tafi, yaran nan sun ci daga hannun uwarsu. In bai tafi ba, su zama nauyinka da na dangi. Ni ban zo faɗa ba, amma ba zan koma da rikodar nan ba komai a ciki."

Bai ce na shiga ba, bai ce kar na shiga ba. Na tashi na shiga.

Wata 'yar siririyar mata na gani a gindin turmi, gajera, hannuwanta duk tabon wuta. Na yi sallama ina neman mai babbar muryar nan a bayanta. Ta tsaya da taɓarya a sama.

"Sake faɗa," in ji ta.

Na sake sallama.

"Lallai ke ce." Ta ajiye taɓarya. Ba ta shimfiɗa mini tabarma ba. Jarkoki na jere a inuwa, an rufe su da buhu. Yaran suka leƙo daga ɗaki, ta kore su da ido. "An ce kin sa mini malami a kaina."

"Na sa."

"Tafsirin wace sura?"

"Wallahi ban ma saurara ba."

Ta yi wata gajeriyar dariyar yaƙe. "Ko sauraro ba ki yi ba. Ni na zauna ina jiran mota kamar mahaukaciya, duk wadda ta tsaya in tura a dubo. Da kin aiko kin ce, ke, rufe bakinki, da na rufe. Ai ina da kunne."

Na ce ta yafe mini. Ta ce wannan tsakanina da Allah ne, ita yanzu mai take son sayarwa. Ta nuna rikoda da haɓa.

"Kunna. Ki faɗa da bakinki abin da kika yi, matar malam ta ji, mai tabarma ta ji, mai man shanu ta ji. Sannan ni in yi tawa."

Na danna ja, na faɗa, ban rage komai ba. Matan gidan sun taru a bakin ƙofofinsu suna ji. Da na gama ta karɓi rikodar, ta matsa daidai bakin zaure inda wan mijin ke zaune, ta ɗaga murya. Ta gaida matar malam, ta gaida Malam. Ta faɗi man da ke ƙasa, ta ce na bana ya fi na bara, kuma ta ƙara masa kuɗi, wadda ba ta so ta je ta sha na Dutse. Ta ce 'ya'yanta suna gaida kowa, suna nan a ɗakinta, kuma nan za su kwana bana da baɗi.

Matan gidan ne suka taya ni kai jarkokin bakin titi. Kafin sati ya zagayo ba ko ɗaya a tsakar gidana.

Daga nan ni na zama direban kaset. Duk zagaye sai na shiga mota, Taura, Kafin Hausa, gida, har gwiwoyina suka fara ƙara. A unguwa an yi ta magana, wai matar tela ta zama 'yar tasha. Wasu sun daina gaishe ni a gidan biki. Na bar su da bakinsu. Ban daina ba sai da wayar hannu ta shigo kowa ta sayi tata.

Ni da ta Taura ba mu koma kamar da ba. Ciniki muka ci gaba da yi, mai tsabta, ba tsokana. Aka gama girbin shekarar, aka yi na gaba, wan mijin bai sake tayar da maganar rabo ba. Yaran a ɗakinta suka girma, a ɗakinta aka ɗauki kowace zuwa gidan miji.